Goron da Nake Kai wa Inna

Yalwawa, Dutse.

Zuwa ga ƙanwata Khaulat,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki Malam Zuhair da yara. Yaya ruwan Fatakwal? Allah ya ƙara lafiya, ya raya zuri'a. Mu nan ƙalau. An fara yankan gero a Taura, Baffa Yahuza kuma ya aiko cewa shanu sun yi kyau bana.

Na zaɓi rubutu ne don a waya bakina ba zai iya ba. Kin tuna da ƙaramar salla na ce miki Inna fushi take da ni tun da na ɗauko ta daga ruga? Na ce ta daina hira, gaisuwa ma da ka take amsawa, tuwo sai ta taɓa ta ture. Har cewa na yi gara in mayar da ita. Khaulat, na ɗauki alhakin baiwar Allah. Ashe ciwo ne a muƙamuƙinta, nan gaban kunne, wata huɗu tana fama. Kin san Inna da fulako, ga ni ɗan fari. Wadda ko sunana ba ta faɗa, ina za ta ce mini ga inda ke mata ciwo? Ni kuma da baƙar zuciyata sai na ɗauke ƙafa. Ranar Juma'a kawai nake leƙa ta, in kai mata goro da kilishi, wai ni mai lallashi. Ta karɓa, ta ɓare goron, ta tauna a gabana.

Matata Zaituna ce ta gano. Tana mata kitso, Inna ta yi hamma, muƙamuƙin ya yi ƙas, sai ga hawaye. Muka kai ta asibiti. Likita ya ce turamen haƙoranta na hagu sun zube, ta daɗe tana tauna da gefe guda har gaɓar ta gaji, ga kuma cizon haƙora cikin barci, wanda damuwa kan jawo. Ya ba da magani, ya ce a riƙa gasa wurin da tsumma da ruwan ɗumi, a murza a hankali, ta tallafe haɓa in za ta yi hamma. Abinci sai mai laushi, kunu ko fura da nono ko fate. Ya hana rake da busasshen nama, ya ce goro kuwa ko kusa. Wallahi kasa ɗaga kai na yi.

Da muka dawo, Zaituna ta tambaye ta me ya sa take taunawa alhali tana jin zafi. Sai ta ce in ta ƙi, wancan zai daina kawowa, goron ne kuwa yake kawo shi ɗakinta. Ni ne wancan, Khaulat. Tun ranar kullum da safe ina ɗakinta hannu biyu ba komai, ni nake riƙe kwanon ruwan gashi. Har yanzu ba ta dubana, amma jiya ta shanye furarta tas. Don Allah ki kira ta, ki roƙar mini gafara. Ke auta ce, za ta saurare ki. Ni in na fara, bango take juya wa fuska.

Ki gai da Malam Zuhair da Mahbuba da Hussaini. Zaituna da Goggo Talatu suna gaishe ku. Allah ya sada mu da alheri.

Yayanki,
Nasrullahi