Tukunyar Ƙarafan Tiyata

Litinin, 3 ga Maris

Kwana huɗu ke nan angon nawa yana kwance a gado na bakwai. Jikana tela, da ƙafar dama yake taka keke, kuma ita babur ya zaɓa ya karya gida biyu. Na ce masa ni ba zan zauna da miji mai ƙarfe a ƙauri ba, sai ya sake ni. Ya yi dariya, amma ta tsaya a haƙora. Likita ya ce gobe tiyata.

Talata, 4 ga Maris

Ba a yi ba. Ya wuni ba ci ba sha, da la'asar nas ta ce kayan aiki ba su dahu ba. Dahu! Na bi ta har ƙarshen baranda, na tarar da wata 'yar siririya da hular leda, tsaye gaban wata uwar tukunya ta ƙarfe mai ƙofa a gefe da agogo biyu. Na sa mata suna Mai Tukunya.

Laraba, 5 ga Maris

Ƙafar ta kumbura, yatsun sun yi sanyi. Uwarsa ba ta kallon wajen, ni nake ɗaga mayafin.

Na koma wurin Mai Tukunya. Na ce 'yar nan, na haifi tara, ungozoma da ruwan zafi kawai take wanke almakashinta, ki ba ni ƙarafan in je gida in tafasa miki su har su yi laushi. Ba ta yi fushi ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Ta ce ruwa in ya tafasa ya gama iyakarsa, ko itacen duniya aka tura masa ba ya ƙara zafi, kuma akwai ƙwayoyin cuta masu shiga ɓawo su yi kwanciyarsu har a sauke. Sai an kulle tururi ya rasa hanyar fita, ya matsu, zafinsa ya kai digiri ɗari da ashirin da ɗaya, ya daɗe a haka. Kafin nan ma sai an kori iskar ciki, don duk lungun da iska ta laɓe tururi ba ya shiga. Ta nuna mini salatif ɗin da ke jikin ƙunshin ƙarafan, wai in zafin ya kai, layukansa baƙi suke zama. Na yau launin toka ne. Robar ƙofar ce ta tsage, tururin yana tsiyaya ta gefe yana fito kamar tsohuwar buta.

Na ce toka da baƙi ai 'yan uwa ne. Ta ce, “Kaka, cikin ƙashinsa za a sa ƙarfen.”

Alhamis, 6 ga Maris

Zazzaɓi. Bai tanka mini ba ko da na ce zan nemi wani mijin.

Juma'a, 7 ga Maris

Na ji likita yana gaya wa uwarsa a hankali cewa in aka wuce gobe, ba maganar gyara za a yi ba, sai ta yanke ƙafar. Sun ɗauka ba na ji. Kunnena ƙalau yake, zaɓar abin ji nake yi.

Na je na durƙusa wa yarinyar da na yi jika da ita. Na riƙe gefen rigarta na ce ki rufe ido sau ɗaya, ba mai sani. Ta ɗaga ni, hannunta duk tabon ƙuna. Ita ma idonta ya cika. Ta ce bakanike ya samo robar, yana hanya. Na zage ta. Allah Ya yafe mini, har uwarta na haɗa.

Asabar, 8 ga Maris

An sa robar. Tun hantsi nake zaune a bencin ƙofarta ina kallon allurar agogo tana hawa, ta tsaya cak, ba fito ba tsiyaya. Da aka buɗe, layukan baƙi ƙirin. Na fara guɗa, sai na ga ta taɓa ƙunshi ɗaya ta ajiye shi gefe. Da danshi. Wai jiƙaƙƙen ƙunshi yana jawo ƙazanta daga waje, sai an sake naɗe shi a mayar, awa guda.

Uwarsa ta taso mata kamar za ta cinye ta. Ban san lokacin da na shiga tsakani ba. Na ce ke, koma wurin ɗanki, awa ɗaya ce, a bar yarinya ta yi aikinta.

Ba wai na ce tana da gaskiya ba. Hayaniya ce ba na so.

An shiga da angon nawa bayan azahar. Har yanzu ba su fito ba. Ƙunshin ƙarshe kafin a tura shi, ni na ce ta juyo mini da shi in ga bayansa, ko da sauran danshi.