Wayar da Isuhu ya so ya ja mini

Konni, daren Talata, ƙarshen Sha'aban

Yau ma wutar da ke zo mana daga Najeriya ta ɗauke tun hantsi, ƙanƙarar da nake sayarwa duk ta narke cikin firigo. Ga azumi a ƙofa.

Bayan la'asar ƙanena Isuhu ya shigo da waya naɗe a hannu. Wai ya ji a rediyo gwamnati za ta sayar da kamfanin wuta ga 'yan kasuwa na waje, kuma in sun karɓa tsada za ta ƙaru. Ya ce, "Yaya, bari in ja miki ta bayan mita tun kafin masu ita su iso. Yanzu kayan gwamnati ne, ba na kowa ba."

Wallahi raina ya so. Sannan na ce masa, "Isuhu, na kowa da kowa ne. In na ci haƙƙin mutum guda, na san ƙofar da zan je neman gafara. In na ci na ƙasa duka, ƙofa nawa zan ƙwanƙwasa?"

Ya yi dariya, ya ce to Malama, a sha zoɓo da zafi.

Ban san wa zai mallaki wutar nan baɗi ba, ban kuma san ko zan iya da tsadarta ba. Amma ruwan da mai azumi zai buɗa baki da shi ba zai yi sanyi da wutar sata a gidana ba. Gobe in Allah ya kai mu zan sayo randa biyu, in binne gindinsu cikin yashi.