Ƙyallen Baba Ba Zai Je Japan Ba

Al Muntazah, Doha

Ƙanwata Atine,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya yara, ya ƙafar taki? Reuben maƙwabcinmu, ma'aikacin jinya, shi ke rubuta mini, don ban yarda da kowa a gidan ɗana ba. Ni lafiya ƙalau, idon ma ya yi sauƙi, sai dai zaman ɗaki kamar kaza a akurki.

Ɗana Mansur zai iso gida ran Juma'a. Kada ki ba shi farin ƙyallen nan mai jan da'ira da Babanmu ya zo da shi daga yaƙin Bama. Wai shi da wata malama Bajapaniya suna binciken yadda mutanenta ke tuna yaƙin, za su mayar da shi ga dangin mai shi, wani sojan Japan da ya mutu. Na ce, "Su sun mayar wa Baba yatsunsa?" Ya ce, "Baba, khalas, an wuce wurin." Ni zai ce wa khalas!

Wai rubutun jikin ƙyallen ma ba laya ba ne, sunayen 'yan uwan yaron ne da suka yi masa rakiya. To da me muka lulluɓe Mansur ɗin da ƙyanda ta kusa kashe shi? Yau ya zama dakta, ya manta.

Ki fitar da shi daga adaka, ki ɓoye. Amma Atine, ban da rumbu, ɓera zai ci. An ce har da sunan uwar sojan a jiki.

Allah ya bar zumunci.

Yayanki,
Nasidi