Laftof ɗin da Zayyanu Ya Zaɓa

Zuwa ga ƙanena Siddiƙu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali a can Fatakwal, Allah ya ƙara lafiya da buɗi. Mu nan Goronyo lafiya lau. Ƙafar Inno ta yi sauƙi har tana fita barka, an kuma fara sako ruwan dam, kowa ya koma fadama.

Maganar kwamfutar da ka yi wa ɗana Zayyanu alkawari ce ta sa na ɗauki biro. Ya ce ka ba shi zaɓi tsakanin ta tebur da laftof, ya zaɓi laftof, wai don ya riƙa buga wasanninsa a rumfar gona kafin layin ruwa ya zo kanmu. Zancen bai kwanta mini ba, sai na je wurin Yusha'u mai gyaran waya a kasuwa. Ya ce in don wasa ne ta tebur ta fi ƙarfi, ba ta saurin ɗaukar zafi, in wani abu ya lalace a ciki a cire a sa sabo. Laftof ɗin wasa kuwa, batirinta ba ya kai awa biyu, zafin fadama ma kaɗai ya ishe ta. Abu ɗaya ta fi ta tebur da shi, tana shiga jaka. Zayyanu ya san duk wannan, don a shagon yake yini.

To Siddiƙu, ga abin da ke cina. Kowa a layinmu ya yafa irin albasa tun mako uku da suka wuce, na Lauwali maƙwabcinmu har ya yi kore shar. Zayyanu bai yafa ko cokali ɗaya ba. Na tambaye shi mi yake jira, ya ce ƙasa ba ta yi ba. Ni zai gaya wa ƙasa, ni da na goya shi a bakin fadamar nan? Wanda bai yafa iri ba ai bai yi niyyar ganin dashe ba. Jiya kuma na ga ya wanke jakarsa ta makaranta ya shanya, rabonsa da ita shekara huɗu. Ruwa dai ba ya tsami banza.

Ban sani ba ko da bakinka a ciki, kuma wallahi ina tsoron in sani. Gonar nan ita kaɗai mahaifinsa ya bar mana, ni kuma gwiwata ba ta jure tare ruwa. In ba ka san komai ba, ka aiko ta tebur mu ga ko zai karɓa. In kuwa kai ka kira shi Fatakwal, kada ka bari in ji a tasha.

Ka gaida Ruƙayyatu da yara. Inno da Kaka suna gaishe ku. Ni dai gobe zan ɗauki irin in tafi fadama in yafa da kaina, in ga ko zai biyo ni.

Yayarka,
Ladidi