Hankakan da ke kiran Peni

Litinin, 6 ga Fabrairu
Da hantsi na ji muryar Tauno a bayan rumbun itace yana kiran kare: "Peni, zo nan." Har da ɗan tarin nan nasa. Mijina ke nan, wanda muka binne tun kaka. Peni ya bar kwanonsa ya ruga. Na bi shi ba ko hula. Babu sawun kowa a kan ƙanƙara.

Laraba, 8 ga Fabrairu
Yau ma. Ban sani ba ko kunnena ne, ko kaina. To karen fa? Shi ma ya taɓu?

Lahadi, 12 ga Fabrairu
Na yi wautar gaya wa 'yata Marjatta a waya. Sai ta ce: "Mama, ki haɗa kayanki ki dawo wurinmu a Oulu. Zaman daji ke kaɗai ya isa haka." Wai kuma in ga likita. Na ce to. Ban san me na amsa ba.

Juma'a, 17 ga Fabrairu
Veikko, ƙanen Tauno, ya kawo kifi, muna shan kofi aka sake yin kiran. Ya leƙa taga, sai dariya har da hawaye.
"Matar yaya, zo ki ga mijinki. Ya yi fukafukai."
Ƙaton baƙin hankaka ne a kan reshe. Peni na can yana neman mai kira, macen hankakan ta sauko tana cinye masa abinci. Veikko ya ce shekara da shekaru Tauno na zuba musu hanjin kifi a bakin tafki, can suka ɗauki muryarsa.
"In harbe miki shi?"
Na ce ya sha kofinsa.
Ashe lafiyata ƙalau. To me ya sa na wuni ina jin kamar an yi mini sata?

Talata, 7 ga Maris
Hankakin suna ta jigilar ƙirare da gashin dabba zuwa doguwar bishiyar bakin dutse. Sheƙa, a wannan sanyi. Kiran ya ragu. Nakan tsaya da wanke-wanke in kasa kunne. Kwalayen haɗa kaya da Marjatta ta aiko suna zaure, ban buɗe ba, ban mayar ba.

Asabar, 25 ga Maris
Shiru. Na kai hanjin kifi bakin tafki. Don kada ya yi wari a gida ne kawai.

Alhamis, 13 ga Afrilu
Hankakan ya yi kiran yau. "Peni, zo nan." Amma ba tari, kuma muryar siririya ce, ta wata tsohuwa mai faɗa. Na daɗe a tsaye kafin in gane ko wace ce.
Haka nake magana ashe? Tauno bai taɓa gaya mini ba.
Marjatta ta bugo, ta ce me ake yi wa dariya. Na ce ba komai, maƙwabta ne. Na ce ta zo da yara in ƙanƙara ta narke, akwai dankalin da za a shuka.