Sunan da Aka Liƙa wa Baba

Talata, 8 Oktoba 2024
An binne Baba bayan azahar. Ban yi kuka ba. Na wanke kwanuka.

Alhamis, 10 Oktoba
Masu gaisuwa sai "Allah ya jiƙan Mompera". Ba mai cewa Inusa. Mutumin da bai taɓa fashin jam'i ba, amma Matameye duk da sunan limamin Kirista ta san shi.
Saboda sunan nan dangin Salim suka janye maganar aurenmu, wai ba su ɗaukar 'yar Mompera. Na ce wa Baba ya hana mutane, ya yi dariya. Shekara tara ke nan. Tun daga ranar, gaisuwa kawai ke haɗa ni da Baba.

Asabar, 12 Oktoba
Tuwo ba ɗanɗano. Ko bakina ne.

Litinin, 14 Oktoba
Sadakar bakwai. Wata tsohuwa ta zo daga Damagaram da sanda, ƙaramin gicciye a wuya. Madam Sesil. Yaya Cha'ibu ya tsaya a zaure kamar ba zai matsa ba, sannan ya matsa. Mata suka ja tabarmarsu gefe. Ni aka bar wa ita.
Ta ce shekarar yunwa ita ke auna hatsi a mishan, Baba ke tuƙa motar limaminsu, wani Bature. Tsauni, Ɗan Barto, har Icirnawa. Da yara sun hango mota sai ihu, Mompera ya zo. Baturen ya kwanta ciwo, aka mai da shi ƙasarsu. Baba ya ci gaba da kai buhuna shi kaɗai, wata biyar. Yara ba su canza ihu ba.
Na ba ta ruwa. Na ji labarin kamar na wani.

Talata, 15 Oktoba
Ta kwana ɗakina, ba mota. Da safe tana shan koko na tambaye ta ko ba su jin haushin sunayen da muke kiransu. 'Yan mishan, Nasara, su masera.
"Ɗiyata, wasu da zafi ake faɗa, wasu ba komai." Nasara, in ji ta, daga sunan garin Annabi Isa ne. Masera, 'yar'uwata ke nan da Faransanci.
"Mompera fa?"
Ta dube ni. "Ba ki yi lakwal ba?"
Na ce ban yi boko ba, yaƙi da jahilci kawai na yi.
"Babana. Ma'anarsa ke nan."
Na raka ta tasha.

Laraba, 16 Oktoba
Ba komai. An kawo gero daga gona.

Lahadi, 20 Oktoba
Wani dattijo daga Tsauni, ban san shi ba. Ya ce yana cikin yaran da ke bin motar Baba shekarar yunwa. Su bakwai ne a ɗakin uwarsu, huɗu suka kai damina, kuma da hatsin nan ne. Ya ajiye kaza ya tafi, ko zama bai yi ba.

Juma'a, 25 Oktoba
Yaya zai karɓi garejin Baba. Ya sayo fenti, zai shafe Garejin Mompera da ke allon ƙofa ya rubuta Garejin Malam Inusa. Ya ce ai ni na fi kowa ƙin tsohon sunan. Na ce haka ne.
Na ce ya bari sai an yi arba'in. Ya ce me ya haɗa fenti da arba'in.
Gwangwanin fentin yana ƙarƙashin gadona. Ya neme shi har la'asar, ina tsince shinkafa, ban ɗaga kai ba.