Muryar Inna da Filashin Farfesa

Zuwa ga Yayana abin tinƙahona,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan takardar nan ta same ka lafiya kai da iyali. Allah ya sassauta maka ciwon bayan nan, ya sa albarka a nema. Mu nan lafiya lau, sai kewa. Goggo ta sami sauƙin ƙafa har tana fitowa tsakar gida da sanda. Kawu ya yi ritaya, ya dawo ya addabi kowa da gyaran abin da bai lalace ba. Auta kuwa ta yi nauyi, muna sa ran wata mai kamawa, Allah ya raba lafiya.

Yaya, ka nemi wuri ka zauna. Na ƙi kiran ka a waya ne don na san halinka, tun ban kai ƙarshe ba za ka cika ni da a yi haƙuri. Maganar saƙon Inna ce. Ka tuna kwana huɗu kafin rasuwarta, da ta tabbata ba za ka iso ba, ta sa na ɗauki muryarta a waya, minti goma sha ɗaya tana yi maka magana. Ka ce kada in turo, ba za ka iya saurara kai kaɗai a ƙasar mutane ba, in adana sai ka zo mu ji tare. Na mayar da shi cikin kwamfutar da ka aiko mini saboda wayar ta tsufa, bayan wata biyu ma ta mutu murus. To saƙon nan ya lalace. Na san komai ƙaddara ne, amma wannan ƙaddarar da ƙafa ta shigo falona, sanye da takalmin mijin Auta.

Ka san shi ai, wanda duk layinmu ake kira Farfesa, don ba a taɓa tambayar abin da ya ce bai sani ba. Wata Asabar ina wanke-wanke ya faɗo daga shagon fotokwafi, wai in ara masa kwamfuta ya gyara shafi biyu. Yana soka filashinsa sai antibairos ɗin da ya zo da kwamfutar ya fito da jan gargaɗi. Na leƙo da kumfa a hannu na ce lafiya? Ya yi dariyar nan tasa ta hanci, ya ce tsoratarwa ce kawai, irin wannan tsaro na banki ne da manyan ofisoshi, wane mahaukaci ne zai ɓata lokaci a kan kwamfutar gida da ba komai ciki sai tambayoyin jarrabawar ɗalibaina da hotuna. Wai ma abin ne yake cinye wa na'urar ƙarfi. Ya kashe shi. Da na dage a kan ya kunna shi, don ya toshe mini baki sai ya shiga intanet ya sauko da wasu guda uku na kyauta a lokaci guda, yana cewa masu gadi uku sun fi ɗaya. Ni kuma da yake rashin sani ya fi dare duhu, har godiya na yi masa, har ruwan sanyi na kawo masa!

Kwana biyu tsakani na buɗe zan buga jarrabawa, ba abin da ya yarda ya buɗu. Na nemo saƙon Inna, shi ma haka. Na naɗe kwamfutar a mayafi na tafi wurin wani dattijo mai gyara da ke zama ƙarƙashin matakalar jerin shaguna, gilashinsa ɗaure da zare. Ya duba ya girgiza kai. Ya ce na asalin nan da aka kashe ya ishi gida irin nawa, muddin an bar shi a kunne ana sabunta shi, kuma gargaɗin da ya yi ranar gaskiya ne, bairos ne fal a filashin. Cikin ukun nan, biyu sun shagala da faɗa da juna, na ukun kuwa, mai hoton garkuwa yana walƙiya, ɓarawo ne cikin rigar mai gadi. Ya ce duk mai son ƙari ya zaɓi ɗaya tak, sananne, ya sauko da shi daga shafin masu shi, ba wanda ya faɗo masa a talla ba. Sannan ya tambaye ni ina na ajiye kwafi na biyu. Na ce babu. Laifi tudu ne, na sani, wannan nawa ne kuma na ɗauka.

Kwana uku bawan Allahn nan yana fama. Ya ceto rabin hotuna. Daga saƙon Inna kuwa daƙiƙa bakwai ya samu. Ta yi gyaran murya, ta tambaye ni ko ya fara ɗauka, sannan ta kira ka da sunan nan da ita kaɗai take kiran ka. Daga nan sai shuu. A tsaye na saurara a bakin shagon, mutane na wucewa, na yi kuka har dattijon ya ba ni kujerarsa.

Da a ce Farfesa ya zo ya sunkuyar da kai, wallahi da yanzu an wuce wurin. Amma ka san me ya ce, a gaban Goggo? Wai kwamfutar ce tsohon yayi. Kuma wai ai murya ce kawai, ba takardar gida ba ce. Murya ce kawai! Yaya, tun ranar wuta ke ci a ƙirjina, kuma ba na son ta mutu.

Ga abin da na shirya. Filashin nan a jikin kwamfutata ya manta shi, tun da ya kwaso bairos bai shiga tasa kwamfutar ba tukuna. Mai gyara ya ce bari ya wanke shi, na ce ya bar mini shi yadda yake. A kwamfutar Farfesa akwai kundin digirinsa da ya shekara uku yana rubutawa, ba kwafi ko'ina, kuma da bakinsa yake alfahari ya kashe tsaronta tun ranar da ya saya. Sau biyu yana aiko Auta karɓar filashin ina cewa ban gani ba. Ran Laraba zai zo da kansa. Zan miƙa masa da hannu biyu da murmushi, ba zan ce uffan ba. Tunda kwamfutar gida ba ta buƙatar tsaro, sai ya gwada ilminsa a kan tasa. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

Ka gaishe mini da Anti da su Babba da Ƙarama, ka ce wa Ƙarama na ga hoton haƙorin da ya fita. Goggo da Kawu da Auta duk suna gaishe ku.

Saura abu ɗaya. Ni na riƙe wayar ranar, don haka duk abin da Inna ta faɗa yana kaina, in ka zo zan faɗa maka tas, sai dai da muryata. Amma akwai magana ɗaya a ciki da take hana ni sukuni. Kusa da ƙarshe ta ce kai ne babba, ka riƙe Auta, kuma ku yi ta haƙuri da mijinta, bakinsa ne ya fi shi girma amma ba mugu ba ne. Duk duniya ba mai shaidar ta faɗi haka sai ni, Farfesa da kansa ya goge ɗaya shaidar. Da na so sai in haɗiye, amma na kasa yi wa Inna haka. Na dai lissafa, takardar nan ba za ta iso ka ba sai bayan Laraba.

Taka har kullum,
ƙanwarka da kake kira Tsiwa.